A ina ka ji labarinmu? Abin da na gani a harkar tallan mota

Assalamu alaikum. Makon jiya wani ƙanina a sana'a, wanda bai daɗe da buɗe filin sayar da motoci a Na'ibawa ba, ya same ni da maganar cewa ya ware naira dubu 300 zai ba wani kamfani su yi masa talla, yana so in sa masa albarka. Na ce ya zauna. Muka yi la'asar tare, muka yi magariba, ban ƙarasa ba shi labarin ba. Da zai tafi ya ce, "Yaya, wannan maganar bai kamata ta tsaya a kunnena ni kaɗai ba." Shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa da mutuncinsa.

Ni mai sayar da motoci na hannu ne a Kano. Filina ba babba ba ne, idan an matsa yana cin mota goma sha huɗu, a bakin Titin Maiduguri wajen Hotoro. Na shigo harkar a 2009 ina wankin mota a filin wani Alhaji, aminin mahaifina, a Titin Zariya. Daga bokiti da soso na koma riƙe makullai, daga nan ya fara tura ni Kwatano. A lokacin nan mu kan tuƙo mota ta Faraku, mu tsallaka kogi a Malanbil mu shiga Gaya ta Nijar, mu bi Doso da Birnin Ƙwanni har Maraɗi, sannan mu shigo ta Jibiya. Ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, komai ya koma tashar jiragen ruwa ta Legas. A 2018 Alhaji ya yaye ni da mota biyu, Golf 3 da Fijo 406, ya ce in je in gwada sa'ata.

Duk shekarun da na yi a hannunsa ban taɓa ganin ya biya sisin kwabo don talla ba. Majalisarsa ta bayan isha'i, sahun masallaci, ɗaurin aure, da dillalan da ke zarya tun safe, su ne tallansa. Mutum zai taso daga Azare ya ce mahaifinsa a nan ya sayi mota, shi ma nan ya zo. Da na buɗe nawa sai na bi sawunsa, kuma har shekara biyar abin yana tafiya. An rufe boda a Agustan 2019, korona ta zo a 2020, duk mun sha wuya amma ana motsawa.

2023 ce ta durƙusar da ni. Aka fara shekara da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki, kafin Fabrairun 2024 kuma ta kai 1,500. Kuɗin kwastan da dala ake lissafa shi, don haka shi ma ya bi ta. Kwarolar da ma'aikaci ke iya tara mata kuɗi a shekara biyu ta ninka. Mai babban inji kuwa, irin V6, ko tayi ba a yi. Daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba mota biyu na sayar, ga kuɗin hayar fili, ga maigadi, ga yara uku da ke ƙarƙashina, ga gida. Mota goma sha ɗaya na tsaye suna shan rana, kuma huɗu daga ciki ba nawa ba ne, masu su sun kawo ne in sayar musu, kullum suna kira.

A wannan halin na fara neman masu talla, kuma hankalina a tashe yake. Duk wanda ya zo ya ce yana da mafita sai in ba shi kunne.

Da rediyo na fara, don shi na sani. Kano garin rediyo ne, daga ɗan adaidaita sahu har ɗan kasuwar Kwari kowa da tashar da yake ji. Na je wata tasha, aka shirya mini sanarwa, aka nuna mini farashi: na kusa da labarai da shirye-shiryen siyasa na dare ya fi tsada, na tsakar rana ya fi sauƙi. Na biya na mako uku. Ba su cuce ni ba ko kaɗan, duk lokacin da suka ce za a saka an saka, na ji da kunnena. Waya ta yi ta shigowa. Sai dai mai kira ba ya ganin motar, don haka tambayarsa ita ce, "Akwai ta miliyan ɗaya da rabi?" alhali mafi arhar abin da ke filina ya haura uku. Mota kuma ba sabulu ba ce da kake da katan dubu iri ɗaya. Kowace da shekararta, da lafiyarta, da tarihinta, kuma minti ɗaya ba ya isa a faɗi wannan. Sharon guda na sayar ta dalilin rediyo, wani direban haya daga Wudil ya saya. Ribarta ta biya kuɗin sanarwar da ɗan ragi.

A watan Disamba wasu samari biyu suka zo filina da kwamfuta. Tsaf-tsaf da su, bakinsu da zaƙi. Suka ce zamanin rediyo ya wuce, duk mai kuɗin sayen mota yanzu yana Instagram da Facebook. Suka nuna mini shafukan da suka ce su suka gina, kowanne da mabiya dubbai. Za su buɗe mini shafi, su ɗauki hotuna, su riƙa biyan kuɗin yaɗawa, su amsa saƙonni, ni dai in zauna in ƙirga kuɗi. Naira dubu 350 a wata, komai da komai a ciki. Suka miƙo takarda mai shafi huɗu da Turanci. Ban karanta ba, ban kuma ba wani ya karanta mini ba. Na sa hannu. Kuɗin watan farko daga cikin jarin Sharon ɗin nan na cire.

Cikin mako shida shafin ya tara mabiya dubu 11. Duk Juma'a su turo mini rahoto mai launi-launi: mutum dubu kaza sun gani, dubu kaza sun danna. Na riƙa nuna wa abokan sana'a a waya ina jin daɗi. Suka ce a ƙara dubu 100 a kawo wani mai barkwanci na TikTok, na ƙara. Ya zo ya yi wasansa a kan wata Highlander, bidiyon ya zagaya gari, kwana uku samari na zuwa ɗaukar hoto a jikin motar. Ko mutum ɗaya bai ce a buɗe masa bonet ba.

Wata biyu da rabi, kuɗina ya doshi miliyan ɗaya, mota ɗaya ba ta fita ta dalilinsu ba. Idan na yi magana su ce sai an yi haƙuri, suna ake ginawa.

'Yar yayata ce ta fara buɗe mini ido. Tana karatu a Jami'ar Bayero, ta zo gaishe ni, na nuna mata shafin. Ta yi shiru tana ta shafa waya, can ta ce, "Kawu, ka taɓa duba su waye mabiyan nan?" Ta riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sunaye na wasu ƙasashe, wasu da rubutun da ban ma iya karantawa ba, yawancinsu ba hoto, ba su taɓa wallafa komai ba. Ta ce ana sayen irin waɗannan da arha, dubu-dubu, kuma babu mutum a bayan mafi yawansu. Ta nuna mini cewa shafi mai mabiya dubu 11 amma hoton mota bai samu tsokaci ko biyar ba. Sannan ta tambaye ni rasit na kuɗin da aka biya Facebook. Na ce ban san ana bayarwa ba. Ta ce ana bayarwa, har da harajin VAT na kashi 7.5 da aka fara ɗorawa kan tallan tun Janairun 2022, duk yana fitowa a rubuce. Na nemi rasit a wajen samarin. Har yau ban gan shi ba.

Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma ba ita ce ke hana ni barci ba in na tuna.

Akwai wata Kwarola 2008 a filina, an yi amfani da ita a nan gida kusan shekara uku, an taɓa bugun ƙofar baya ta dama da fenda, an gyara an yi fenti. Lafiyayyar mota ce, amma mai ido zai ga bambancin launi. Samarin nan suka ɗauki hotonta, suka goge a kwamfuta har tana sheƙi, suka rubuta cewa sabuwar shigowa ce daga waje, ba a taɓa yi mata fenti ba. Na ga rubutun ranar da suka saka shi. Na san ƙarya ne. Na ce a raina ai haka ake talla, in mutum ya zo zan yi masa bayani. Na yi shiru.

Wata Asabar a watan Fabrairu wani dattijo ya iso da hantsi, shi da ɗansa da bakanikensa. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, daga Haɗeja, ya karɓi kuɗin sallamarsa yana so ya sayi motar da zai riƙa kai iyalinsa asibiti da ita. Ɗan ne ya ga hoton. Tun asuba suka taso. Bakaniken ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa ƙofar da tafin hannu, ya buɗe ta ya duba robar ciki inda fenti ya fallatsa, ya kalli dattijon ya girgiza kai. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya karɓi wayar ɗansa, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wannan rubutun da saninka aka yi shi?" Na fara cewa ai masu talla ne. Ya ce, "Ba su na tambaya ba. Sunan wa ke jikin allon can?" Na ce nawa. Ya ce, "Da ka faɗi gaskiya, wallahi da na saya, don fenti ba ya hana mota tafiya. Amma yanzu ko ka rantse mini a kan injin, da me zan yarda?" Suka juya suka tafi. Yarana uku suna tsaye suna ji.

Ranar Litinin na kira samarin na ce na dakatar da aiki, su miƙo mini shafina. A nan na san me na sa wa hannu. Shafin da asusunsu suka buɗe shi, su ke da kalmar sirri, lambar wayar da ke jiki tasu ce, duk wanda ya taɓa tuntuɓa a hannunsu yake, kuma takardar ta ce shafin mallakarsu ne sai in na fanshe shi. Suka yanka mini dubu 200. Na ce su riƙe.

Da azumi ya kama a watan Maris na je shan ruwa gidan Alhaji. Ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ke kula da filin. Na kwashe komai na faɗa masa, ban ɓoye maganar dattijon ba. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya karanto mini hadisin Hakimu ɗan Hizamu, cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe albarkar. Ya ce in nemi dattijon in ba shi haƙuri kafin Sallah. Daga nan ya juyo kan maganar kuɗi, ya ce, "Motocin da ka sayar bara, kowace wa ya kawo mai sayenta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban riƙe ba." Ya aika aka ɗauko masa wani tsohon littafi mai baƙin bango. Ashe duk motar da ya sayar tun kafin in zo wajensa, a gefen farashi yana rubuta sunan wanda ya yi hanya. Shekara tara ina tare da shi ina ganin littafin, na ɗauka lissafin bashi ne kawai. Ya ce ta haka yake sanin dillalin da ya cancanci goron Sallah mai kauri, da majalisar da ta cancanci ya zauna.

Washegari na sayi littafi. Na ce wa yarana duk wanda ya taka filin nan ko ya kira, bayan gaisuwa a tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" a rubuta, ko ya saya ko bai saya ba.

Dattijon na same shi ta hannun bakanikensa. Na ba shi haƙuri, na ce zan turo kuɗin hanyar da suka kashe. Ya ce ya yafe, kuɗin kuma in kai masallaci. Ya ce ranar ma bai koma hannu rabbana ba, ya samu 406 a wani fili. Bai sake zuwa wajena ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Bayan Sallah na sake neman mai talla, don na san ba zan iya komawa zaman jiran dillalai kaɗai ba. Kasuwa ta canza, mai saye yanzu yana gama zaɓensa a waya kafin ya hau adaidaita. Amma wannan karon ni na riƙa yin tambaya, 'yar yayata na zaune a gefe. Mutum uku na gani. Na farko daga wani babban kamfani yake, rabin miliyan a wata. Na ce mota nawa wani dila ya taɓa sayarwa ta dalilin aikinku? Ya ce su aikinsu sa mutane su san suna ne, ciniki na mai kaya ne. Gaskiya ya faɗa, na kuma girmama shi a kan haka. Irin aikinsu na banki ne da kamfanin taliya, masu iya jiran shekara. Mai mota goma sha huɗu ba shi da wannan numfashin. Na biyu tun kafin ya zauna ya ce ya lamunce mini mota biyar a wata da mabiya dubu 20. Ban bari ya ƙarasa ba. Wanda ya ce zai lamunce maka arziki, ko bai san kasuwa ba ko bai ji tsoron Allah ba.

Na uku wani yaro ne mai ɗaukar bidiyon biki, yana haɗawa da yi wa masu shaguna talla. Bai zo da kwamfuta ba. Ya ce, "Alhaji, kafin mu yi maganar kuɗi, wace mota ce ta fi daɗewa a nan, kuma me ya hana ta fita?" Ya zagaya filin kusan awa ɗaya yana tambayar yarana. Ya ba ni lambar masu shaguna biyu da yake yi wa aiki, na kira su a gabansa. Muka yi yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, da shaidu biyu. Shafi da asusuna za a buɗe, ni ke da kalmar sirri, shi izinin aiki kawai zan ba shi, ranar da muka rabu in cire shi. Lambar da ke jiki tawa ce. Kuɗin yaɗa talla daga asusuna zai fita kai tsaye, ba ya bi ta hannunsa. Ladan aikinsa dubu 60 a wata, sannan duk motar da littafi ya nuna ta dalilin bidiyonsa ta fita yana da dubu 25. Gwajin wata uku. Ba za a wallafa kalma ɗaya a kan mota ba sai na gani, kuma ba a taɓa hoto da kwamfuta.

Inda muka yi ja-in-ja sosai shi ne farashi. Ya ce sai an rubuta kuɗin mota a fili. Na ce a'a, mu ba haka muka gada ba, sai an taya a ce albarka, a ja a ja har a sallama. Ya ce wanda ke da miliyan bakwai a hannu yana jin nauyin tambaya kada a raina shi, wanda ba shi da ko ɗaya kuma shi ke cika maka waya da "nawa?" Na san yana da gaskiya, amma tsorona dillalai. Dillali yakan ɗora nasa a kan farashina kafin ya kawo mai saye, idan kuɗi ya fito fili wannan ƙofar ta rufe. Haka kuwa aka yi. Wasu 'yan kayi-nayi suka yi fushi, biyu suka daina tako filina har yau. Sauran na tara su na ce daga yanzu la'adarsu daga aljihuna za ta fito, tsayayya, ba sai sun ɓoye wa mai saye komai ba. Saboda dala na hawa da sauka muka riƙa sa kwanan wata a jikin kowane farashi, muna kuma barin ɗan wurin ragi, don Bahaushe ba ya jin ya yi ciniki in ba a rage masa ba.

Bidiyon kuma yaron ya ce ni zan yi magana, da bakina, da Hausa. Da sassafe muke ɗauka, kafin a tada mota, don mai kallo ya ji yadda inji ke tashi da sanyinsa. A buɗe bonet, a nuna lambar chasis, a nuna kilomita, a leƙa ƙasa ko akwai yoyon mai, a kunna esi, a nuna takardun kwastan, in ce duk mai shakka mu je ofishinsu na Bompai a tantance. In motar daga gwanjon Amurka ta fito da bugu aka gyara a nan, yadda da yawa daga cikin motocin kasuwarmu suke, in faɗa, in nuna gefen. Ranar farko sau shida muna sakewa don muryata na rawa. Faɗin aibin kayanka a gaban duniya ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba sai an gano yake amsawa.

Da wata Honda Accord 2008 muka fara, wadda ake ce wa Anakonda, wata biyar tana tsaye. Na ce esinta ya yi rauni, giyarta kuma tana ɗan fizga tsakanin ta ɗaya da ta biyu in ba ta yi zafi ba, shi ya sa na rage kaza. Muka biya naira dubu 5 a rana har kwana biyar, aka saita tallan ya riƙa zuwa wa manya a Kano da jihohin da ke kewaye, Jigawa da Katsina da Kaduna da Bauci, wanda ya danna kuma ya faɗo WhatsApp ɗina. Mutanen da suka gani ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu kallon mai barkwancin nan ba. Kwana tara wani ma'aikacin lafiya daga Bici ya zo da kuɗinsa. Ya ce bakanikensa ya kalli bidiyon sau uku, ya yi masa lissafin gyara tun kafin su taso. Ko minti arba'in ba mu yi ba aka sallama.

Akwai aikin da babu mai tallan da zai yi maka shi, wato amsa mutane. Saƙo na shigowa ƙarfe sha ɗaya na dare, yawanci na murya ne, don da yawa daga masu kuɗin sun fi sakewa da magana a kan rubutu. Na taɓa rasa cinikin Sienna saboda na kwana biyu ban buɗe saƙon wani ɗan kasuwar Dawanau ba. Tun daga nan na ɗora babban yarona a kan wayar, da sharaɗin kada saƙo ya kwana. Mun kuma gamu da 'yan damfara da ke kwafe bidiyonmu su saka a nasu shafin, su ce a turo kafin alƙalami. Yanzu a kowane bidiyo akwai allo mai suna da lambata a jikin gilashin gaba, kuma da bakina nake cewa kada wanda ya tura ko kwabo sai ya zo ya ga mota.

Yaron mai bidiyo ya kuma sa mu a Jiji, wani shafin saye da sayarwa na intanet. Amfanin wajen shi ne wanda ya shiga dama mota ya fito nema. Kiran yakan zo daga nesa, Abuja ko Jos, kuma manyan motoci sun fi tafiya a can. Ya sa filin a taswirar Google, kyauta, baƙi suka daina kira sau biyar suna neman kwatance. Matsala ɗaya da muka samu ita ce ranar da wani ya ce ya ga bidiyo amma dillali ne ya rako shi. Dillalin da mai bidiyon kowa ya ce nasa ne. Na biya su duka biyun, muka mayar da shi ƙa'ida.

Da shekara ta zagayo, daga Afrilun 2024 zuwa Afrilun 2025, na zauna da littafin. Mota 41 na sayar. Bidiyo da tallan waya sun kawo 11, dillalai 8, Jiji 3, masu wucewa da suka ga allo 2. Sauran 17 kuwa tsofaffin abokan ciniki ne da waɗanda suka turo, ƙani ko suruki ko abokin aiki. Na daɗe ina kallon wannan adadin. Mutanen da suka fi kowa kawo mini ciniki su ne waɗanda ban taɓa kashe musu ko kuɗin kati ba tun ranar da suka fita da mota. Lambobinsu na cikin wayata shekara da shekaru, ni kuwa ina can ina biyan miliyan don a tara mini baƙin da babu su.

Daga nan na karkatar da wani ɓangare na kuɗin talla zuwa gare su. Mako biyu bayan ciniki ina kira da kaina in ji lafiyar mota. Juyen baƙin mai na farko ni ke biya a wajen bakanikena. Duk sabuwar motar da ta shigo, su ke fara gani a sitatus ɗina na WhatsApp kwana ɗaya kafin ta hau ko'ina. Rediyo ma na koma, amma sau biyu kawai a shekara, bayan kaka lokacin da kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, da kuma gab da babbar Sallah, kuma ba wata mota nake tallatawa ba, sunan fili da kwatance kawai. Yaron nan har yanzu muna tare, na ƙara masa lada sau biyu, duk da littafin a gabanmu. Shafinmu na yanzu mabiyansa ba su kai dubu 3 ba, amma idan na buɗe su ina gane fuskoki.

Wannan shi ne abin da na faɗa wa ƙanina na Na'ibawa tsakanin la'asar da magariba. Na ce kafin ya ba kowa dubu 300 ɗinsa ya kawo mini takardar mu karanta tare, ya kuma tambaye su da sunan wa za a buɗe shafin.

Tsohon shafin can yana nan har yau, da sunan filina da mabiyansa dubu 11. Hoton Kwarolar ma yana nan, da rubutun da ke cewa ba a taɓa yi mata fenti ba, ko da yake motar ta daɗe da fita, kuma wanda ya saya na nuna masa ƙofar da hannuna. Sau uku ina roƙonsu su sauke hoton. Ba su amsa ba.